Lasisin Wa'azi: Daga Majalisa Har Zauren Haya

A 1984, bayan tarzomar Maitatsine, gwamnatin soja a jihar Kaduna ta kafa dokar taƙaita wa'azi. A 2016 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya tono ta ya kai majalisa: ba mai hawa mumbari sai da lasisi. A watan Yunin 2019 majalisa ta amince, a watan nan kuma babbar kotun jihar ta ce lasisin ya saɓa wa tsarin mulki. Abin kunya, ƙungiyar Kiristocin Pentikostal ce ta kai ƙarar. Ina samarin Musulmi suke?

Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa damar yin addininsa da yaɗa shi, shi kaɗai ko cikin jama'a. Su suka rubuta, su ke takawa.

To, amma ba gwamna kaɗai ke yanka lasisi ba. Ɗan uwa lebura a kamfanin fata na Challawa zai kama ɗaki a Panshekara, ya biya kuɗin shekara da guminsa. Sai ya kwance kaya sannan mai gida ko kwamitin unguwa su ce ba a yarda a tara yara karatu a zaure ba. Me ya hana a faɗa tun gaban dillali? Wannan ha'inci ne, Musulunci bai yarda da ɓoye sharaɗi a ciniki ba.

Wajibi ne Majalisar Dokokin Kano ta tilasta rubuta sharuɗɗan haya kafin a karɓi kuɗi, ta kuma soke duk wanda ya taɓa ibada. Kafin nan, kada ɗan uwa ya miƙa ko kwabo sai an karanta masa sharuɗɗa gaban shaidu biyu.