Gyaran bakin kogin Yamai: a tambayi masu garka tukuna

Duk wanda ya bi Kornish ta Yantala ko ta Gamkalle da marece ya san arzikin da muke da shi a bakin kogin Isa: garake na salati da tumatir, masunta da jiragensu, masu wanki. Ya kuma ga abin da ke damunmu: leda, shara, da ruwan datti da Gunti Yena ke zubowa cikin kogi.

Ba mu ƙi a gyara wurin ya zama wajen shan iska ba. Gyaran da muke tsoro shi ne wanda za a zana a biro, a malala siminti, a kori masu garka, a ja katanga, a sa kuɗin shiga.

Ba mu manta da Satumban 2020 ba. Ruwa ya kai santimita 700, ya ɓalle shingen Lamorde, iyalai da yawa a Harobanda suka koma kwana a makarantu. Siminti ba ya shan ruwa, tura shi yake yi gidan maƙwabci. Itace da ciyawa kuwa suna riƙe gaɓa, fili mai ƙasa yana ba ruwa wurin kwanciya. Mutanen Maradi sun san wannan tun 1945, lokacin da Gulbi ya ci tsohon gari aka koma tudu.

Amma dasa itace kaɗai bai isa ba. Dubi dajin bedi da aka fara kewaye Yamai da shi a 1965: yau wani ɓangarensa ya zama gidaje da juji. Itacen da ba shi da mai shi ba ya daɗewa.

Shi ya sa muke cewa, kafin a ja layi ko ɗaya, magajin gari ya zauna da masu garka, masunta, mata masu saida kifi da masu unguwanni, a yi magana da Zabarmanci da Hausa, ba Faransanci kaɗai ba. Su suka san inda ruwa ke fara shiga. A bar garake a wurinsu, a ba kowace ƙungiya yankin itacen da za ta kula da shi, a tare shara tun daga Gunti Yena, shiga kuma kyauta.

In an kira taron, don Allah mu je. Wanda bai je ba, da abin da aka yanke zai kwana.