Kumbo Ba Shirwa Ba Ne

Jama'a, a makon nan mun karanta labari na uku cikin wata guda da ya kai Bahaushe yaƙi a sararin samaniya, kuma duka ukun ciwo ɗaya ke damunsu. Kumbo yana shawagi kamar shirwa ta hango ɗan tsako, ya karya kwana, a yi harbi, a ji "ƙuuum!" Wa ya ji? Babu iska a can, sauti ba shi da abin hawa. Ita kanta kwanar, fiffike da iska yake yin ta.

Mun san inda aka kwaso. Star Wars ne na 1977, wanda George Lucas ya tsara faɗansa daga hotunan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu. Kwafin kwafi muke yi ke nan. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969 babu intanet, ko ya yi tuntuɓe yana da uzuri. Mu da waya ke hannunmu dare da rana fa?

Za a ce ai ƙagaggen labari ne. To, ku rubuta cewa wani ya dasa tumatir a Kadawa ranar Litinin, ya kai kwanduna Kwanar Gafan ranar Juma'a, mu ga ko mai karatu ɗan Kura ko Bunkure zai ƙarasa shafin.

Abin haushin, gaskiyar ta fi ƙaryar daɗi, kuma mu 'yan noman rani mun fi kowa kusa da gane ta. Ruwan Tiga ba ya bin son ran manomi, magudanar da aka gina masa yake bi. Kumbo ma haka, falakinsa yake bi, fita daga ciki sai da ƙona mai, kuma babu gidan mai a hanya. Wanda ke bin abokin gaba a falaki ɗaya, in ya ƙara wuta sai ya haura sama ya ƙara zama a baya. Sai ya rage gudu ya sauko ƙasa sannan ya cim masa. Ku duba irin tashin hankalin da ke cikin wannan, matuƙi yana taka birki don ya kamo wanda ya tsere masa, amma mun bar shi muna ta "ƙuuum".

Harbin kansa ba ya ƙarewa da tafi. A 2007 Sin ta tarwatsa tsohon tauraronta Fengyun-1C, ya bar gutsattsari sama da 3,000 da ake iya bin sawunsu, kowanne yana gudun fiye da kilomita 7 a daƙiƙa. Rasha ta yi irinsa a Nuwamba 2021, sai da mutanen tashar sararin samaniya, har da Rashawan, suka shige kumbunansu suka fake. Wanda ya zuba guba a babbar magudana, gonarsa ma daga nan take sha.

Duk wanda zai turo mana babin yaƙi mako mai zuwa, ya fara faɗa mana mai nawa ya rage wa jaruminsa, da kuma inda tarkacen da ya harba zai zagayo.