Wannan "Gwangwanin" Da Ake Fizgewa Daga Ƙasan Mota

Rubutunmu na wannan makon ya bar falo ya shiga ƙarƙashin mota, kuma da gangan muka yi.

Kwanakin baya muna dawowa daga taron ƙungiya a tsohuwar Golf ta wani ɗan uwanmu, sai ƙasan motar ya fara ƙara kamar an ɗaura mata gwangwani a wutsiya. Muka ratse garejin bakin titi. Makaniken ya leƙa, ya sa filaya ya fizgo wani siririn kwano ya wurgar, ya ce: "Yallaɓai, ai wannan ba ya aikin komai. Turawa ne suka sa saboda sanyin ƙasarsu." Ƙara ta ɗauke, mai mota ya yi godiya har da ƙarin na goro. Mu biyar a motar, duk masu kiran kanmu marubuta, babu wanda ya ce uffan.

To yau za mu ce. Maganar nan ba gaskiya ba ce, kuma tana iya cin rai.

Kwanon nan garkuwa ce tsakanin salansa da jikin mota. Aikinsa tare zafi. Tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, tana aiki ne a zafin da ya haura digiri 400, wani lokaci har ya doshi 800. A kusa da bututun salansa kuwa akwai tankin mai, wanda a motoci da yawa na roba ne, akwai bututun mai, bututun birki da wayoyi, ga daɓen da yara ke taka wa a baya. Man birki samfurin DOT 3 idan ya tsufa ya sha laima yana iya tafasa a kusan digiri 140. Idan ya tafasa, ka taka birki ka ji shi lagwai kamar soso. Abin da aka yi don tare zafi, ta yaya zai zama ba shi da amfani a garin da rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu? Mu ne ma muka fi Turawan buƙatarsa.

Sanyin ƙasarsu yana da hannu a wuri guda kawai. Yawancin motocinmu 'yan kwatano ne, sun yi shekaru a ƙasashen da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Gishirin ke cin noti, ya kuma cinye gefen ramin da notin ke riƙe kwanon, musamman inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe. Ramin ya buɗe, kwano ya zame daga kan noti, ya riƙa bugun salansa. Sau da yawa kwanon lafiyarsa lau, riƙonsa ne ya saki.

Shi ya sa gyaran ba wani abin a zo a gani ba ne. A bar mota ta huce sarai. A hau da ita kan ramin gareji, kada kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe. A bi salansa daga gaba zuwa baya ana ɗan ƙwanƙwasawa har a ji inda ke rawa. Idan rami ne ya buɗe, a sa washa mai faɗi wadda za ta kama lafiyayyen kwano, a ɗaure. Idan kwanon da ke rungume da bututu ne waldarsa ta saki, a zagaye shi da babban kilif na ƙarfen da ba ya tsatsa, in ɗaya bai kai ba a haɗa biyu. Na jikin mota kuma a tabbata an bar tazara tsakaninsa da salansa, domin iskar da ke tsakani tana cikin abin da ke rage zafin. Ban da robar taya, ban da igiyar leda. Idan ya ruɓe gaba ɗaya, a nemo wani a Ƙofar Ruwa ko Panteka. In kuwa an ƙwanƙwasa tukunyar aka ji kamar tsakuwa a ciki, to ita ce ta farfashe, wannan wani aikin ne daban.

Mun san amsar da za a ba mu: "An cire wa motoci da yawa, ba abin da ya faru." Haka ne, ba kowace ce za ta kama da wuta ba. Amma mai jarkar fetur a but, da mai ajiye mota kan busasshiyar ciyawa lokacin hunturu bayan doguwar tafiya, da direban da ya yi lodi yana gangarowa daga Jos ƙafarsa a kan birki, su ma haka suke cewa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ba makanike kaɗai za mu ɗora wa laifi ba. Mai mota ne ke tsaye a kansa yana cewa a yi sauri, a yi araha. Mu ma muna da namu kason. Makaniken ya koyi aiki da ido a gaban maigidansa, littafin motar da Turanci ko Jamusanci yake. Wa ya rubuta masa bayanin da Hausa? A littattafanmu mota ba ta da aiki sai ɗauko jaruma daga makaranta, sai kuma haɗarin da zai kashe wanda muka gaji da shi. Wasunmu har difloma muka yi a fannin injiniya, amma muna jin kunyar rubutu kan salansa, wai ba adabi ba ne.

Ga ƙalubalen wannan makon. Kowa ya je gareji, ko wajen mai walda, ko mai gyaran janareta, ya zauna ya tambayi sunan abu ɗaya da aikinsa, ya rubuto mana shafi guda da Hausar da mahaifiyarsa za ta gane. Masu mota kuma, in an ce za a fizge muku kwanon nan, ku ce a sa washa.

Allah ya kiyaye hanya.