Baliz tana faɗin ciwo, ba ta faɗin magani

A garejojin Damagaram, daga Zango zuwa Sabon Gari, an daɗe ana gyaran mota da kunne. Bakanike ya saurari kukan inji, ya dubi launin hayaƙi, ya faɗi abin da ya lalace. Tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ, wadda ba ta da turbo, ta dace da wannan sani. Amma motocin da suka biyo bayanta, irin su Hilux mai injin D-4D, kwamfuta ke tafiyar da su, kuma idan ta ga abin da bai gamshe ta ba sai ta kunna fitila a gaban direba, ta rage wa mota ƙarfi da gangan don kare inji. Mai motar da wannan ya same shi tsakanin Tanut da Agadas, da kaya da fasinjoji, ya san ba ƙaramar magana ba ce.

Daga nan ake ɗauko na'urar binciken da masu Faransanci ke kira baliz. Tun 1996 Amurka ta tilasta wa masu ƙera motoci sanya mahaɗar da ake jona ta, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, a 2004 ga na gazuwal. Ana jonawa sai lamba ta fito. P0299 na nufin iskar da turbo ke turawa ta gaza abin da kwamfuta ta nema. P0234 na nufin ta wuce kima. P0045 kuwa na nuni ga wayar lantarkin da ke sarrafa wannan iska. Babu ko ɗaya cikinsu da ta ce turbo ya mutu, amma sau da yawa hukuncin da ake yankewa ke nan, a aika Ƙofar Ruwa ta Kano a sayo wani.

Aikin turbo ba shi da wuyar fahimta. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata fanka, ita kuma ta juya ƴar'uwarta da ke kan sanda ɗaya, wadda ke cusa iska cikin inji. Juyin yana haura 150 000 a minti. Don kada iskar ta yi yawa, akwai ƙofar da ke karkatar da wani ɓangare na hayaƙin, ko kuma, a sababbin injuna, ƙananan fukafukai masu buɗewa da rufewa. Kwamfuta ke ba su umarni ta hanyar ƙaramin tiyo ko ƙaramin injin lantarki, wani ma'auni kuma yana gaya mata sakamakon. Duk abin da ya tsinke a wannan sarƙa, baliz za ta fito da lambar turbo.

Saboda haka bakanike mai hankali yana farawa daga abu mai araha. Ya buɗe filtar iska, domin ƙurar hunturu da rairayin hanyar Agadas suna toshe ta tun kafin lokacin da littafin mota ya yanka. Ya bi manyan tiyoyi da hannu, yana neman inda mai ya jiƙa roba ko inda iska ke huci, don zafin bazara yana busar da roba har ta tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: tsagar da ke gaban turbo ƙura take shigarwa, wadda ke bayansa kuma iska take zubarwa. Ya ciro ma'aunin ya duba ko baƙin hayaƙi ya lulluɓe shi, ya girgiza mahaɗar wayoyi da gargadar hanya ke sassautawa. Sannan ya gwada sandar da ke motsa fukafukan. Motar da ke yawo a hankali cikin gari, ba ta taɓa yin zafi sosai ba, toka kan kama mata fukafukan su ƙage, kuma wankewa ce maganinsu.

Sai bayan duk wannan ake kai yatsa ga fankar kanta. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne. Idan sandar tana shiga tana fita, ko bakin fankar ya cinye kamar an goga masa dutse, to nan kam turbo ya tafi.

A nan ne asara ta biyu take jira. Turbo ba ya cika mutuwa haka kawai, ƙishin mai ko ƙura ke kashe shi. Wanda ya ɗaura sabo bai wanke bututun da ke kai masa mai ba, bai sake mai da filta ba, bai zubar da man da ya taru a mazubin sanyaya iska ba, ya saya wa tsohon ciwo sabon nama. Haka direban da ya taho daga Matamaye a guje ya kashe inji nan take: man da ya tsaya cikin turbo mai zafi yana ƙonewa ya daskare. Minti ɗaya ko biyu na barin inji yana aiki a tsaye ya isa.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta fi duka muni, wato goge lambar da baliz a sallami mai mota fitila a kashe. Kwamfuta za ta sake kunna ta idan mota ta ɗauki kaya ta fara hawa, galibi nesa da gari. Idan kuwa turbo ɗin yana yoyon mai zuwa cikin inji, injin gazuwal na iya kama shan mansa, ya dinga ƙara gudu ko an zare makulli, har sai an toshe masa iska ko ya fashe.