Matuƙin da Ba Shi da Ikon Cewa A'a

Manomin Kutama da ya yi niyyar sauke farali yakan yi lissafinsa daki-daki. Ya san buhun masara nawa zai sayar, ya san bijimin da zai fita daga garke, ya tambayi kuɗin guzuri, ya bincika nisan masauki daga Harami. Ranar tafiya 'yan uwa su rako shi ta titin Gwarzo har sansanin alhazai a Kano, daga nan a kai shi filin jirgin Malam Aminu Kano. Abin da ba ya shiga lissafinsa, kuma ba ya shiga na ɗan boko mai zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja, shi ne halin mutumin da ke zaune a gaban jirgin: awa nawa ya yi barci jiya, yaushe rabonsa da albashi, me kuma zai same shi idan ya dubi jirgin ya ce ba zai tashi ba. Amsoshin waɗannan tambayoyi uku su ne abin da yarjejeniyar ƙungiyar matuƙa da kamfani ta ƙunsa. Shi ya sa duk mai hawa jirgi yake da kaso a cikinta, ko ya sani ko bai sani ba.

Ƙasar Gwarzo da Kabo ba baƙuwa ba ce a wannan harka. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa Kabo Air a 1980, ya ɗora sunan garinsu a jikin manyan jirage ƙirar Boeing 747 da suka yi shekaru suna jigilar alhazai. Bayansa an ga Chanchangi daga Kaduna, da Max Air ta Alhaji Ɗahiru Mangal, da Azman ta Alhaji Abdulmunaf Yunusa Sarina. Makarantar horar da matuƙa ta ƙasa tana Zariya tun 1964. Arewa ta san masu jirage, ta yi musu kirari, ta naɗa musu rawuna. Sharuɗɗan aikin waɗanda ke tuƙa jiragen kuwa ba su taɓa zama abin tattaunawa ba, sai ranar da aka ji an shiga yajin aiki, nan take a yanke hukunci cewa masu ƙoshi ne ke neman ƙari.

Wannan hukunci ganin kitse ne ake yi wa rogo. Gaskiya ne albashin kyaftin ya ninka na malamin jami'a, amma sana'arsa tana tsaye a kan ƙafa ɗaya. Ya kashe dukiya mai yawa kafin ya sami lasisi, ya sake kashewa don samun shaidar ƙwarewa a kan kowane samfurin jirgi, sau da yawa da bashi ko da alkawarin yi wa kamfani aiki na shekaru. Likita yana duba shi a kai a kai, kuma ciwon zuciya ko raunin gani na iya kawo ƙarshen aikin a wuni ɗaya. Ana jarraba shi a na'urar kwaikwayon tuƙi kusan duk wata shida. Yana cika shekara 65 dole ya sauka daga jigilar fasinja tsakanin ƙasashe. Kasuwar ƙwarewarsa kuma ta duniya ce, da dala ake ciniki. Lokacin da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Matuƙin da ake biya da naira ya ga darajar albashinsa ta zube, baƙon da ke zaune kusa da shi a jirgi ɗaya, mai karɓar dala, bai ji komai ba. Irin wannan bambanci tsakanin ɗan ƙasa da baƙo yana cikin abin da ya kai ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirage ta ƙasa, NAAPE, yajin aiki a kamfanin Bristow a Agustan 2020. Kamfanin ya sallami kimanin matuƙa da injiniyoyi 100. A cikin watan nan Air Peace ta sallami matuƙa kusan 70, tana kafa hujja da annobar korona. Wanda ya ƙware yakan tattara ya nufi ƙasashen Larabawa, ƙasa ta yi asarar abin da ta horar a Zariya.

Sai dai kuɗi ne mafi sauƙin fahimta a cikin lamarin. Abin da ya fi shi nauyi shi ne jerin daɗewa a aiki. A manyan kamfanonin Amurka, inda ƙungiyar matuƙa ta ALPA take tun 1931, kowane matuƙi yana da lamba bisa ranar da aka ɗauke shi. Lambar ce ke yanke wanda zai fara zama kyaftin idan ya ci jarrabawa, da wanda zai zaɓi babban jirgi, da garin da zai zauna, da ranakun hutunsa. Idan kasuwa ta faɗi, daga ƙasan jerin ake fara sallama. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Kabuga ya san hikimar abin: direbobi layi suke bi wajen lodi, domin ranar da aka bar wa ɗan kamasho ya zaɓi motar da za ta yi lodi, ranar ce kowane direba zai koma neman yardarsa.

Masu suka suna cewa wannan tsari yana fifita shekaru a kan hazaƙa. Sukar tana da ƙarfi a ofis ko a kasuwa, amma ba ta kama a ɗakin tuƙi. Duk matuƙan da ke jerin sun ci jarrabawa iri ɗaya, wanda ya faɗi kuma ba a ba shi kujerar kyaftin komai daɗewarsa. Idan aka cire jerin, me kamfani zai auna ya kira shi hazaƙa? Zai auna wanda bai taɓa jawo jinkiri ba, wanda bai cika rubuta matsalar inji a littafin jirgi ba, wanda ba ya neman ƙarin mai don ko-ta-kwana, wanda yakan daure ya sauka a Kano cikin hazon hunturu maimakon ya karkata zuwa wani filin. Wato dai duk halayen da ke ƙara wa kamfani riba a yau su ne masu iya hallaka fasinja gobe. A ƙasar da sanayya da ɗan-gidan-wane suke da tasiri a kowace ma'aikata, barin ƙarin girma a hannun mai kamfani shi kaɗai yana nufin kyaftin zai riƙa duban fuskar maigida kafin ya dubi yanayin sama.

Arewa ta riga ta biya farashin irin wannan matsi. Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi haya don jigilar Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da alhazai. Wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska. Bincike ya nuna an san da matsalar kafin tashi, amma jami'in da ke kula da jigilar bai yarda a yi jinkiri ba. Tayoyin suka fashe a kan titin tashi, aka naɗe su cikin jirgi suna ci da wuta, jirgin ya faɗi yana ƙoƙarin komawa. Mutum 261 suka rasu, babu wanda ya tsira. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma Musulmi ya san an umarce shi da ya ɗaure raƙuminsa. Abin da aka rasa a Jidda ran nan shi ne ma'aikaci guda mai ikon tsayar da jirgi ba tare da tsoron abin da zai biyo baya ba.

Haka batun jadawali yake. Dokokin mafi yawan ƙasashe sun iyakance tuƙi a wajen awa 100 a wata da awa 1,000 a shekara, amma doka iyaka ta ƙarshe take sakawa, ba ta hana a jera wa mutum tashin asuba bayan saukar dare har ya ƙare mako a gajiye alhali takardu sun cika. A Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo a Amurka, mutum 50 suka mutu. Masu bincike sun ɗora laifin a kan kuskuren tuƙi, amma abin da ya tayar wa jama'a hankali shi ne rayuwar matuƙan: mataimakiyar kyaftin tana samun kimanin dala 16,000 a shekara, kuma ta kwana a hanya daga Seattle don ta iso wurin aiki. Iyalan mamatan tare da ƙungiyoyin matuƙa suka matsa wa majalisa. Aka ɗaga sharaɗin gogewa zuwa awa 1,500, sannan daga Janairun 2014 aka wajabta hutun awa 10 kafin aiki, da damar barcin awa 8 a ciki. Gyaran ya zo ne saboda akwai masu bakin magana da ba a iya korar su don sun yi magana.

A Nijeriya an bi wata hanya dabam. Dokokin sufurin sama da aka sa wa hannu a 2022 sun ayyana ayyukan fannin a matsayin waɗanda ba a yarda su tsaya ba, suka buɗe ƙofar hana yajin aiki. A Janairun 2023, bayan ma'aikatan kamfanin NAHCO sun tsayar da aiki a filin jirgin Legas, ministan lokacin, Hadi Sirika, wanda shi kansa tsohon matuƙi ne, ya ce gwamnati za ta aiwatar da hanin. A nan akwai abin lura. A Mayun 2022 ƙungiyar masu kamfanonin jirage ta sanar cewa za ta dakatar da tashi gaba ɗaya saboda man jirgi ya tashi daga naira 190 zuwa 700 a lita. Ba wanda ya kira su masu zagon ƙasa. An gayyace su zama, an lallashe su, suka janye. Idan mai jirgi yana da haƙƙin ajiye jirginsa don farashin mai, da wace hujja za a hana matuƙi ajiye aikinsa don albashin da aka riƙe masa? Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago, Nijeriya ta amince da yarjejeniyoyi na 87 da 98 na Hukumar Ƙwadago ta Duniya tun 1960, kuma kwamitin hukumar ya bambanta tsakanin masu ba jirage umarni daga hasumiya, waɗanda ana iya taƙaita musu yaji, da matuƙan kamfanoni, waɗanda bai sa su a wannan rukuni ba.

Masu kamfanoni suna da uzurin da ya cancanci a saurara. Tikiti da naira suke sayarwa, kayan gyara da inshora da hayar jirgi da dala suke biya, ruwan bashin banki kuma ya yi tsanani. Makabartar kamfanonin jirage a ƙasar nan cike take: Okada, Bellview, Albarka, Chanchangi, Air Nigeria. Arik da Aero sai da hukumar AMCON ta karɓe su. Babu mai hankalin da zai nemi a kwafo ƙarin kashi 34 cikin ɗari da matuƙan Delta suka samu a 2023. Amma raunin kamfanonin hujja ce a kan buƙatar yarjejeniya, domin shi ne babban haɗarin da ke kan matuƙi. Jerin daɗewa ba ya bin mutum zuwa wani kamfani, wanda ya shekara ashirin yana iya komawa farawa daga ƙasa. Ma'aikatan Nigeria Airways sun ɗanɗana wannan: an rushe kamfanin a 2003, sai a 2018 gwamnati ta saki kimanin naira biliyan 22 a matsayin rabin haƙƙinsu, bayan da yawa sun mutu suna jira. Matashin matuƙi da ya ga yadda gwamnati ta yi da nata ma'aikatan ba ya buƙatar a faɗa masa abin da ke jiransa a hannun ɗan kasuwa.

Abin da ya kamata a nema a bayyane yake. Hukumar NCAA ta ɗauki riƙe albashin matuƙa da injiniyoyi a matsayin matsalar tsaron lafiyar jirgi, ta hukunta shi kamar yadda take hukunta tsallake gyara. Kowane kamfani mai lasisi ya amince da ƙungiyar da ma'aikatansa suka zaɓa, ya wallafa jerin daɗewa da ƙa'idar ƙarin girma. A rubuta a yarjejeniya cewa wanda ya ce ya gaji, ko ya ƙi jirgin da bai gamsu da shi ba, ba za a rage masa ko kwabo ba. A ajiye giratuti a asusun da ke wajen kamfani, yadda rushewarsa ba za ta cinye shi ba. Idan kuma gwamnati ta nace sai ta taƙaita yaji, to ta kawo madadinsa: sulhu na dole mai wa'adi, da hukunci cikin gaggawa a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Amurka ma ta taƙaita yajin matuƙa tun da ta shigar da su ƙarƙashin dokar ma'aikatan jirgin ƙasa a 1936, amma ta kafa hukumar shiga tsakani, kuma bayan an bi matakai da jiran kwana 30 haƙƙin yajin yana nan. Hukumar alhazai ta NAHCON ma tana da abin yi: kafin ta ba kamfani jigilar maniyyata, ta nemi shaidar cewa ba a bin sa bashin albashi.

Fasinjan da jirginsa ya yi jinkiri yana da dalilin fushi, ya rasa taro ko ɗaurin aure ko ganin likita. Amma ya dace ya tambayi dalilin jinkirin kafin ya zagi wanda ya jawo shi. Alhajin Kutama da ke zaune a Jidda yana ƙosawa ya ga iyalinsa zai gwammace ya ƙara kwana ɗaya a ƙasa idan ya san tayar jirgin ba ta da iska. Ba shi da hanyar sani. Injiniya da kyaftin ne suka sani, kuma za su faɗa ne gwargwadon kariyar da takardar aikinsu ta ba su.