Kafin a raba tallafi, a gyara hanyar da kaya za su bi

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da ake cire albasa a Galmi da Madawa da Tsarnawa, farashin buhu kan faɗi warwas a hannun manomi. Albasar nan kuwa ita ce ake rububinta a kasuwannin Akara da Abijan da Kwatano. Tsakanin abin da manomi ya karɓa a bakin gona da abin da mai saye ya biya a can akwai tazara mai yawa, kuma hanya ce ke cinye kaso mai tsoka a ciki: kuɗin amalanke, kuɗin babbar mota, kwanakin jira, shingaye, da buhunan da suka ruɓe kafin a isa. Haka abin yake ga aya da riɗi na jahar Maraɗi, da waken jahar Damagaram, da tattasan Difa.

Gwamnatocin Nijar sun sha fito da tallafi. An buɗe bankin manoma na Bagri, an ƙaddamar da shirin 3N a shekara ta 2012, an kafa asusun FISAN. A shekara ta 2024 hukumomi sun rage kuɗin man fetur da gazuwal, suka kuma rage na siminti. Duk wannan ya taimaka, babu mai musu. Amma manomin da aka ba taki da iri mai kyau, ya noma ninki biyu, sannan mota ba ta iya shiga garinsu da zarar ruwa ya sauka, bai tsira da komai ba. Dole ya sayar wa dillalin da ya iya isowa, a farashin da dillalin ya yanke. Ragin gazuwal ma yakan ƙare a gareji, wurin sayen taya da gyaran ƙafar mota.

Shagulgulan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su jaha-jaha sun sauya fuskar birane. Maradi Kolliya a 2015, Tahoua Sakola a 2017 da Zinder Saboua a 2018 sun bar tituna masu kwalta da fitilu, kuma mazauna birni sun ji daɗinsu. Sai dai dukiyar waɗannan jahohi a karkara ake samar da ita. Hanyar jar ƙasa mai kyau da ta haɗa ƙauyukan noma da babbar hanya ba ta da kyan gani a talabijin, amma ita ce ke sa motar ɗan kasuwa ta biyu da ta uku su shigo gari. Inda masu saye suka yi yawa, nan manomi ke samun bakin yin ciniki.

Ita kanta babbar hanyar RN1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram har Difa, kusan ita kaɗai ce ke ɗauke da kasuwancin kudancin ƙasar. Ambaliyar daminar 2024 ta nuna haɗarin hakan, lokacin da ruwa ya yanke hanyoyin shiga Yamai, motoci suka yi cirko-cirko. A arewa kuma, hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, da aka shimfiɗa domin jigilar uraniyom, ta shafe shekaru tana lalacewa har direbobi suka riƙa sauka daga kanta suna bin daji. Albasa da dankalin tsaunukan Air ta nan suke saukowa kudu.

Babbar matsalar ita ce rashin kula bayan an gina. Matafiya na biyan kuɗin hanya a kowace mashiga, akwai kuma asusun gyaran hanyoyi na FER. Jama'a na da haƙƙin sanin nawa aka tara a kowace jaha, da kilomita nawa aka gyara da shi. Ramin da ba a cike ba kafin damina, bayan damina ya zama kwazazzabo. Ƙungiyar UEMOA tana da doka tun 2005 da ta ƙayyade nauyin da babbar mota za ta ɗauka, amma motocin da aka yi wa lodi fiye da kima suna ci gaba da farfasa kwaltar da aka ci bashi aka shimfiɗa. A nan ƴan kasuwa da masu motoci ma suna da nasu laifin.

Sai kuma shingaye da iyakoki. Kowace tsayawa da ake neman na goro, a kan farashin buhu take komawa. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yulin 2023, sun nuna wa ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni da Magarya cewa kwalta mai kyau ba ta da amfani idan ƙofa a rufe take. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai iya rage tsadar sufuri sosai. Amma idan ba a haɗa ƙauyuka da tashar ba, jirgin zai riƙa shigowa cike da kayan waje ya koma da taragai fanko.

Wannan magana ta shafi matasan birni da ƴan ƙasa mazauna ƙetare kai tsaye. Matashin da ke son kafa injin matsar man gyaɗa a Tasawa, ko ɗan ci-rani a Abijan da ke son gina ɗakin ajiyar albasa a garinsu, lissafin farko da yake yi shi ne yadda kaya za su fita. Idan lissafin bai fita ba, kuɗin kan ƙare a ginin gida ko sayen fili, abin da ba ya ɗaukar kowa aiki bayan an gama.

Saboda haka ya kamata duk wani shirin tallafi ya zo da hanyar da za ta kai amfanin kasuwa. A ware kason gyaran hanyoyin karkara a kasafin kuɗi, a bayyana shi jaha-jaha, a auna manyan motoci ba sani ba sabo, a rage shingayen da ba na tsaro ba. Ɗan kasuwar Maraɗi bai taɓa jiran a koya masa ciniki ba. Abin da yake nema shi ne kayansa su isa kasuwa a kan lokaci, ba tare da rabinsu ya lalace a hanya ba.