Daga Ishmawi Zuwa Magudanar Challawa

Duk wanda ya taɓa naɗe ƙafa a gaban malamin zaure ya san babin ruwa. Tun a Ishmawi ake biya wa yaro shi, a ce ya lura da abu uku, launi da ɗanɗano da ƙanshi, in ɗayansu ya jirkita hukuncin ruwan ya sauya. Ina ɗan shekara goma sha biyu na haddace wannan babi, amma sai da na yi furfura na ga tafsirinsa da idona. Rannan la'asar ta riske ni a bakin rafin Salanta, wanda ke kwashe dagwalon masana'antun Sharada ya juye a kogin Challawa. Ruwan ya yi shuɗi-shuɗi, kumfa na yawo a kai, wari kuwa sai ka toshe hanci. Wani dattijo mai lambu ya ajiye fartanya, ya fasa ledar fiya wata da haƙori ya yi alwala a tsimi-tsimi. Da ya sallame sai ya tayar da injin ban ruwa, ya tsoma tiyo cikin ruwan nan da ya ƙi yin alwala da shi, ya shayar da latas da kabejinsa.

Ban ga laifinsa ba, ruwan da yake da shi ke nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mun koya wa mutumin nan hukuncin ruwan ibadarsa daki-daki, amma har yau ba mu zauna mun warware hukuncin wanda ya ɓata masa ruwan ba.

Ga sassan Nazarin Addinin Musulunci da Shari'a a jami'o'inmu, tun daga Jami'ar Bayero, wadda ta tsiro daga Makarantar Nazarin Larabci a 1960 ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, har zuwa na baya-bayan nan. Ga darasin falsafa da manɗiƙi da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙasa ta ɗora wa ɗalibai cikin darussan gama-gari. Tambayi ɗalibi abin da ya rage masa na wannan darasi. Zai ce sun haddace sunan Socrates da Aflatun da Aristotle daren jarrabawa, da safe suka amayar a takarda, shi ke nan an rabu. Iyaye kuma in yaro ya ce falsafa zai karanta, ɗaya daga cikin biyu zai ji: ko a ce «me za ka ci da ita?», ko a ce karatun masu ja da Allah ne.

Wannan zargi na biyu dariya yake ba ni. Shehu Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16 wanda ya rubuta Ahalarin da muke koyon salla da shi, shi ne dai ya rubuta Sullam, littafin manɗiƙi da manyan ɗalibai ke ɗauka a zaurukanmu. Mun rungumi hannunsa na dama muna gudun na hagu.

Magabatanmu ba su raba karatu da kasuwa ba. Al-Maghili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafi kan wajiban sarauta a ƙarshen ƙarni na 15. Malam Abdullahi na Gwandu a nan Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami, wajajen 1807, saboda mutanen gari sun nemi ya shimfiɗa musu yadda ake mulki da hukunci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana da Tanbihus Sahib, kan hukuncin neman abin kai. Kowannensu matsalar da ke gabansa ya duba ya ɗauki alƙalami. Matsalar da ke gabanmu kuwa tana Bompai da Sharada da Challawa, kuma tambayoyinta ba su da sauƙi.

Ɗauki jima. Majeman cikin birni da bagaruwa suke aiki tun kaka da kakanni, littattafan fiƙihu kuma sun yi dogon bayani kan fatar da aka jeme. Kamfanin jima na zamani da sinadarin kuromiyam yake aiki, ragowarsa kuma ruwa take bi. To, sinadarin nan najasa ne, ko guba ce mai tsarki? Idan kamfani ashirin suka zuba dagwalo a rafi guda, yaro ya kamu da ciwo a wani ƙauye can gaba, wa zai biya? Kowa zai ce nasa bai kai ya cutar ba, kuma mai yiwuwa kowa gaskiya ya faɗa in an auna nasa shi kaɗai. Hadisi na 32 a Arba'una ya haramta cuta da cutarwa, babu mai jayayya a kai. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda za a raba alhaki tsakanin mutum ashirin da kowanne ya ɗiga ɗigo ɗaya. Sannan shi kansa kamfani, wanda dokar ƙasa ta ɗauke shi tamkar mutum mai iya mallaka da shiga kotu, ba shi da wuyan da za a rataya wa alhaki. Na mai hannun jari ne da ke zaune a wata ƙasa, ko na manaja, ko na leburan da aka ce ya buɗe famfon da daddare? Irin waɗannan tambayoyi su ne abincin masu usulu da masu falsafar ɗa'a, kuma haddar sunayen Girkawa ba ta amsa su.

Kada a ce na manta da ɗaya ɓangaren. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 masana'antun Kano ke rufewa ɗaya bayan ɗaya, wuta ta gagara, kayan waje suka cika Kwari da Singa. Wanda ya zaga Bompai zai ga tsofaffin masaƙu sun koma rumbunan ajiya. Mai kamfanin da ya jure yana ƙona dizal zai ce maka in ka matsa masa ya gina matatar dagwalo, rufewa zai yi, magidanta ɗari biyar su koma gida. Ba ƙarya ba ce zalla. Ka ga an zo babin auna ɓarna biyu a ɗauki mai sauƙi, wanda ɗalibanmu ke karantawa da misalan jirgin ruwan da zai nutse, alhali ga misali mai rai mota ɗaya daga ajinsu.

Ga kuma haƙƙin lebura. Je ka ƙofar wani kamfani da sassafe ka ga matasa sun yi cirko-cirko, mai ɗaukar aiki ya fito ya nuna wannan ya tsallake wancan. Wanda aka ɗauka yau ba shi da tabbacin gobe, wani ya shekara biyar yana ɗan wucin gadi. A watan Yuni na 2020 'yan sanda suka fito da fiye da mutum ɗari daga wani kamfanin casar shinkafa a Challawa, inda ma'aikatan suka ce an hana su fita kusan wata uku lokacin kullen korona. Gwamnatin Kano ta sa mafi ƙarancin albashi naira 71,000 a 2024, amma ɗan wucin gadi a rediyo yake jin labarin. Idan yunwa ce ta sa mutum ya yarda da sharaɗi, yardar nan ta inganta cinikin ƙwadago? Ina son in ji malamin mu'amala da malamin falsafa sun kai ruwa rana a kan wannan, a gaban ɗalibai.

Abin kunya, littafin da aka fi ambata kan addini da leburan masana'antun Kano wani Ba'amurke ne ya rubuta shi, Paul Lubeck, a 1986, bayan ya zauna da ma'aikatan da yawancinsu daga makarantar allo suka fito. Mu kuwa kundin digiri nawa aka tara kan tarihin malam wane da gudummawarsa? Ba na raina su, amma sun isa haka.

Hukumar Hisba da aka kafa a 2003 ma tana da rabo a nan. Asalin aikin muhtasibi a littattafai ya haɗa da duba mudu da sikeli da masu sana'ar da ke cutar da maƙwabta, ba kwalba da askin samari kaɗai ba.

Roƙona ga shugabannin sassan addini da masu koyar da falsafa a jami'o'in Kano: yadda ake tura ɗaliban injiniya aikin sanin makama, ku tura naku. Zango guda ya isa. Su tsaya a ƙofar kamfani da asuba, su zauna da manaja su ji kukansa, su bi rafin Getsi daga Bompai har inda ya haɗu da Jakara, su ɗebo ruwan a kwalba su kawo aji. Ku ajiye kwalbar a kan tebur, sannan a buɗe Ishmawi.